Lamba Arba'in da Ɗaya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau ma suna ƙofar gidan rediyo. Na ƙirga su da wutsiyar ido: mata goma sha tara, kowace da tabarmarta, kowace da hoton mijinta ko na ɗanta a cinya. Matar Yaya ce ta uku daga sandar fitila. Ta gan ni, na gan ta, na sunkuyar da kai na miƙa wa soja katina na shige.

Duk faɗin garin nan wai ba su sami wurin zama ba sai bakin wurin aikina. 'Yan Haɗaka ne suka turo su, su Lauya jagoransu da shugabannin malamai da na direbobi da na kasuwa, wai sai gwamnati ta faɗi inda ta kai mutanen da ta kwashe. Su suna ofis ƙarƙashin fanka, matan mutane suna cikin rana. A gidan nan an san ƙanwar wane ce ni, an dai ƙyale ni ne don ban taɓa ɗaga kai ba. Ranar da aka gan ni na tsaya muna gaisawa da ta ukun nan, shi ke nan. Wa zai ciyar da Inna? Lauya?

Shekara tara ina buga sanarwa: rasuwa, ɗaurin aure, haihuwa, cigiya. Kowace kwafi uku, ɗaya na mai karantawa, ɗaya na fayil, ɗaya na Jan Biro, mai tace duk abin da zai fita. Ƙarfe sha ɗaya a kai masa, bayan labaran ƙarfe ɗaya a karanta. A ƙarƙashin gilashin teburina akwai takarda mai sunaye ɗari da goma sha biyu waɗanda ba a faɗa a rediyo. Ko 'yarka ake aurarwa, ko ubanka ne ya mutu, in dai kana cikin takardar nan, babu kai. Yaya ne lamba arba'in da ɗaya. Wata goma sha huɗu ke nan da aka fitar da shi daga aji da alli a hannunsa, don kawai shi ne sakataren ƙungiyar malamai. Tun ranar ba mu sa shi a ido ba. A kan sunansa nake ajiye kofin shayina don kada in gani.

A littafin nan ma ba zan rubuta sunan ba. Hannuna ya saba.

Talata, bayan la'asar

Inna ta ci abinci, ta ture kwano, ta jawo rediyonta. Ko kallo ban ishe ta ba.

Wata takwas da rasuwar Baba. Ni na buga sanarwar da hannuna: ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, daga cikinsu akwai, sai na sa sunan Yaya, don shi ne babba, da shi ake farawa. Na san doka. Na sa duk da haka, na ce ko mutuwa za ta sa a ji kunya. Jan Biro ya ja wa sunan layi, wannan na yi tsammaninsa. Abin da ban zata ba, sai ya soke huɗu ya rubuta uku a samanta. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu huɗu ne." Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "'Yata, sake bugawa." Na sake bugawa.

Inna tana tsakiyar masu gaisuwa, rediyo a gefenta, ta ji an ce uku. Da aka watse ta ce, "Ke kika buga?" Na ce eh. Ta ce, "To, kin rage min ɗa." Daga ranar ba ta sake kiran sunana ba, sai dai "ke". Kullum kuma ƙarfe ɗaya tana manne da rediyon, ko za ta ji wani abu game da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, dattijon nan ba ya barin kuskure ya wuce, ko na waƙafi. Ya taɓa dawo min da takarda sau uku saboda shekarun mamaci ba su yi daidai da shekarar haihuwarsa ba. Mai irin wannan tsantseni shi ya sa na yi wa duniya ƙarya a kan gawar ubana. Kuma har yau 'yata yake ce min.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Zaman gida da Haɗaka ta kira ya fara. Babu mota ko ɗaya a titi. A ƙafa zan tafi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Zaƙin Murya, mai karanta mana labarai, ya iso a ƙafa, gumi har ƙugu, takalminsa duk laka. Ya sha ruwa, ya gyara wuyan riga, ya shiga ɗakin watsa shiri ya gaya wa ƙasa cewa zirga-zirga tana gudana kamar kullum, kasuwanni kuma cike suke maƙil. Da ya fito ya tambaye ni ko na san inda zai sami burodi, don duk shagunan unguwarsu a rufe suke. Na ce ya je kasuwar da ya gani a cikin takardarsa.

Juma'a, gab da magariba

Ranar kai abinci. Duk Juma'a Anti, matar Yaya, tana dafa shinkafa da wake ta zuba a kula ta kai ƙofar gidan yari. Ba a barin ta ta gan shi. Ana karɓar kular, bayan awa guda a miƙo mata ita babu komai, a wanke. Kular nan ce duk shaidarmu cewa yana da rai. Tana dawowa sai ta biyo ta nan ta buɗe wa Inna ta ce, "Kin gani, ya cinye tas."

Yau da ta gama da Inna ta same ni a bakin famfo. Ta ce, "Sakatariya, ko ɗaga hannu babu?" Yaya ne ya sa min wannan suna, ta san inda yake taɓa ni.

Na ce, "Anti, in aka kore ni, zaman tabarma ne zai sayi maganin Inna?"

Ta ce, "Shirunki na wata goma sha huɗu ya dawo da shi?"

Na ce naki zaman fa, ya dawo da shi? Ta ce tukuna. Haka kawai, tukuna, ta ɗauki kularta. Na tsaya ina wanke kofi ɗaya har ruwan ya ɗauke.

Lahadi, da hantsi

Haushin Yaya nake ji. Malamai dubu nawa ne a ƙasar nan, sai shi ne mai baki.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Abin da ya faru yau a mahaɗar kasuwa ba zan rubuta ba. Ta nan na biyo. Takalma ne zube a titi, babu masu su.

Talata, ƙarfe uku na rana

Sanarwar rasuwa bakwai, duk samari, duk jiya. Iyayen sun rubuto "an harbe shi". Jan Biro ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya soke. Darakta ya sauko da kansa ya ce a sa "bayan gajeruwar rashin lafiya". Ina tsaye da fayil a hannu na ji Jan Biro ya ce, "Yallaɓai, sokewa aka ɗauke ni in yi. Abin da ba haka yake ba, ba na rubutawa." Darakta ya yi ta huci, shi ko gezau. A ƙarshe "ya rasu jiya" aka karanta, sau bakwai a jere, kuma duk mai kunne ya gane.

Saura kaɗan in yi dariya. Ba ya rubuta abin da ba haka yake ba. To ukun nan fa, aljani ne ya rubuta ta?

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Matan ƙofa sun fi ɗari biyu. Uwayen samarin nan bakwai suna gaba. Masu shayi suna kawo musu ruwan zafi kyauta, wani mai kanti ya kafa musu rumfa. Sai da na ratsa ta tsakaninsu kafin in kai ga soja, ina ta "sannu, sannu" ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Sojan da kansa bai kalli katina ba, su yake kallo.

Asabar, bayan azahar

An cire Ministan yaɗa labarai. Sabon ya fito yana maganar tattaunawa, wai 'yan Haɗaka ma 'yan ƙasa ne. Makon jiya 'yan ta-da-zaune-tsaye ne, ni na buga kalmar da yatsuna. Ana raɗe-raɗin cewa manyan da ke kewaye da Mai Kujera, mai mulkin ƙasar, sun rabu biyu: masu cewa a ƙara harbi, da masu cewa kwana goma sha ɗaya babu mota, babu kasuwa, babu makaranta, kuma ƙananan sojoji sun fara tambayar su wa ake harbi.

Darakta ya cire bajen nan mai hoton Mai Kujera daga ƙirjinsa. Ramukan allurar suna nan a rigar.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Gwamnati ta ce mutum talatin kacal take tsare da su, kuma ta sake su don tausayi irin na Mai Kujera. Sauran da ake ta kuka a kansu wai sun tsallake iyaka da ƙafarsu. Tausayi. Wata goma sha huɗu tausayin yana ina, sai da aka rufe kasuwa ya farka?

Ni na buga sunayen talatin ɗin. Karo na farko ke nan da sunan da ke ƙarƙashin gilashina ya fita ta bakin Zaƙin Murya. Muryarsa har rawa take yi, kamar mai tsoron a kama shi a tsakiyar karatu. Babu Yaya.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke, ba ki tsallake layi ba?"

Talata, ƙarfe biyar da rabi

An ce in buga sabuwar takardar gilashi, a cire talatin, saura tamanin da biyu. Jan Biro ya ba ni tasa in kwafa. Tasa ba kamar tawa take ba: a gefen wasu sunayen akwai ɗan ɗigo na jan biro. Na ƙirga, ashirin da uku. Akwai a gefen arba'in da ɗaya. Manyan masu laifi ke nan, ina jin, waɗanda za a saki a ƙarshe. Ai dama Yaya ba ya yin abu rabi-rabi.

Na yi wani abu yau. Ba zan rubuta shi ba.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Ban iya cin komai ba. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa ta taga.

Juma'a, bayan la'asar

To, bari in rubuta, in za a kama ni a kama ni.

Wanda bai yi aikin tafireta ba bai san wannan ba: sabon kabon, in sau ɗaya aka buga a kansa, duk abin da aka buga yana nan kwance a jikinsa. Ka ɗaga shi ga haske ka karanta tsaf. Shi ya sa doka ta ce a yi ta amfani da tsoho har ya mutu, sannan a yayyaga. Ranar Talata sabo fil na zaro. Na buga sunaye tamanin da biyu, da kan takardar gidan rediyo, da kwanan wata. Na naɗe shi na sa a cikin takalmina.

Yau da Anti ta buɗe wa Inna kula, na karɓa na ce zan ɗauraye. Na saka shi a ciki na rufe. Na ce, "Kada ki buɗe sai kin je gida. Ki ɗaga shi ga taga." Ta dube ni, ta buɗe baki. Na ce, "In kika yi min godiya wallahi sai na karɓe abina."

Ba don Lauya na yi ba, ba don Haɗaka ba. Sun ce ya tsallake iyaka. Mutumin da ko tashar mota ba ya zuwa sai ya gaya wa Inna.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Cikin abin da aka cimma a tattaunawa, an ba Haɗaka awa guda a rediyo duk Asabar. An ce Lauya ya shigo gidan rediyo da babbar riga, Darakta yana riƙe masa ƙofa, shi da ya hana a ambaci ko unguwar da Lauya yake zaune. Ina gida na ji. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce gwamnati ta ce ba ta san mutanen nan ba, to ga takardar da ita ta rubuta ta hana a faɗi sunayensu, kuma wanda ba ka sani ba, ba ka hana a kira shi. Sai ya fara karantawa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya zo kan Yaya, Inna ta ɗora hannu biyu a kan rediyon. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ga shi nan." Ta tashi ta ciro kayansa daga akwati ta ce a wanke, sun yi warin ajiya.

Sai mutumin nan ya rufe da cewa, "Da tafiretar wannan gida aka buga ta." Tafireta nawa ce a gidan? Uku. Wa ke buga takardar gilashi? Ni. Shi zai koma gida a mota da masu gadi. Allah ya isa tsakanina da bakin lauyoyi.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

An tara mu a ofishin Darakta, da wasu mutum biyu masu baƙin tabarau waɗanda ba su faɗi daga inda suke ba. Aka ajiye tafiretata a kan tebur. 

Kafin a tambaye ni komai Jan Biro ya ce, "Kabon ɗin ni aka kawo wa in yaga. Na jefa shi kwando ban yaga ba. Sakacina ne, tsufa ya zo." Ɗaya daga cikin masu tabarau ya rubuta. Suka dubi juna, suka dubi taga, inda hayaniyar matan ƙofa take shigowa. Wata biyu da suka wuce da tuni an tafi da mu duka. Yau cewa suka yi za a ji daga gare su, suka fita ta ƙofar baya.

Ga shi ya faɗi abin da ba haka yake ba, a gaban hukuma, saboda ni. Ban gode masa ba. Yana tsammanin da wannan zai biya ukun nan? Ya daɗe bai biya ba.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Gwamnati ta amsa. Waɗanda suka tsallake iyaka an same su a cikin gidan yari. Za a saki hamsin da tara, an kawo min sunayen in buga. Na bi da yatsa sau uku. Babu shi.

Tamanin da biyu a cire hamsin da tara.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ashirin da uku.

Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba. Na ce ya ba ni takardarsa. Bai musa ba, ya jawo aljihun tebur ya miƙo min. Na jera ta da ta waɗanda aka saki. Duk wanda babu ɗigo a gefensa ya fito. Duk mai ɗigo bai fito ba.

Na ce, "Mene ne ɗigon?"

Ya cire tabarau. Na ce, "Kada ka goge min tabarau, Baba. Mene ne ɗigon?" Ban san ya aka yi na ce masa Baba ba.

Ya ce duk wanda ya rasu a tsare, ofishin tsaro yana aiko masa da 'yar takarda, don ya ƙara sa ido kada sunan ya fita ta kowace hanya. Shi kuma sai ya ɗiga, don kada ya manta.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Wata uku bayan an kama shi."

Na lissafa a tsaye. Na ce, "Kafin Baba."

Ya ce, "Kafin mahaifinku."

Na ce me ya hana ka gaya min, kullum ina shigowa ɗakin nan, kullum kana ce min 'yata. Ya ce yana da 'ya'ya shi ma, kuma an san mutum nawa ne suka ga 'yar takardar. Ya ce, "Iya abin da na iya ke nan. Ban bari an karanta huɗu ba."

Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa babba ba. Na ce shi matsoraci ne mai tsabtar hannu. Na ce gara Darakta, shi ƙarya yake yi kowa ya san ƙarya ce, kai kuwa gaskiya ka dunƙule ka jefe ni da ita, ka bar uwata tana ganin ni na rage mata ɗa. Yana zaune yana ji. Ya ce, "Haka ne."

Kayan Yaya suna kan igiya a tsakar gida. Sun bushe, Inna ta ce gobe a goge.

Alhamis, da hantsi

Ban faɗa ba. Na goge rigunan.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba, na tafi gidan Anti. Na same ta tana tsince wake, tukunya a kan wuta, kular a wanke a gefe. Yaran suna makarantar da babu malamai, wasa kawai suke zuwa yi. Ta ce, "Sakatariya, yau kuma da rana tsaka? Rukuni na uku da shi za a fito, na ƙara masa nama."

Na sauke tukunyar. Na zauna a ƙasa na gaya mata.

 Ta ce, "To wa yake cinyewa?"

Juma'a kusan hamsin. Wani ƙato yana karɓa daga hannunta, ya ce bari a kai masa, ya zauna a bayan ƙofa ya cinye, ya wanke, ya miƙo mata. Wani lokacin har cewa yake yi, wai Yaya ya ce a gaishe da yara. Wannan ko a lahira ba zan yafe ba. Harbin na gane, tsoro ne. Ɗigon na gane, tsoro ne. Wannan fa?

Ta ɗaura mayafi. Na ce ina za ki. Ta ce ƙofar rediyo, akwai mata ashirin da biyu da suke dafa abinci yanzu haka. Na bi ta. A kan tabarmarta na zauna, ta uku daga sandar fitila, a gaban sojan da yake duba katina.

Inna ba mu gaya mata ba tukuna. Anti ta ce sai sun faɗa da bakinsu, don kada ta ce mu ma mun rage mata.

Asabar, bayan la'asar

An yi wa Haɗaka alkawarin zaɓe da 'yancin kafa jam'iyyu da rufe ofishin tace labarai. Lauya ya zo ƙofa da fara'arsa ya ce an yi nasara, a janye zaman gida, maganar ashirin da ukun nan kwamiti zai duba. Anti ta miƙe da kular a hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka sa hannu. Mu ba mu tashi ba." Babu macen da ta naɗe tabarma. Shugaban direbobi ya dubi matan ya ce su ma ba su tayar da mota ba. Lauya ya koma cikin mota ya daɗe yana waya.

Da na ce su suka turo matan. Yau na ga wa yake tura wa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Sun faɗa. Takarda ɗaya, layi huɗu, da sunaye ashirin da uku a ƙasa: sun rasu a tsare. Babu dalili, babu inda aka binne su, wai shi ma kwamiti. Ba a karanta ba tukuna, sai gobe.

Ni da Anti muka shiga ɗakin Inna. Ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, ƙarfe uku na rana

An ɗaga gilashin teburina an cire takardar. Wurin ya bar fari, da zoben kofin shayi a daidai inda sunansa yake. Ofishin Jan Biro a kulle, an ce ya kwashe kayansa tun da safe, ya bar biron a kan tebur. A titi motoci sun dawo, ana ta hon ana murna. Darakta yana gaya wa kowa cewa shi dama can yana tare da jama'a. Ba su ba mu komai ba, ƙwata aka yi, kuma na san da me aka biya. Matan ƙofa suna nan, yanzu kaburbura suke tambaya.

Sanarwar rasuwa ashirin da uku na buga. Ta Yaya na bari a ƙarshe. Na sa cikakken sunansa, da na Baba, da makarantar da yake koyarwa. Na sa: ya rasu a tsare, shekara guda da ta wuce. Ya bar mahaifiya, da mace ɗaya, da 'ya'ya biyu, da ƙanne uku. Ƙarfe sha ɗaya ta yi na miƙe da takardar a hannu, har na kai ƙofar da aka kulle kafin in tuna babu wanda zan kai wa. Na miƙa wa Zaƙin Murya, na ɗauki jakata na taho gida.

Na sami Inna a bakin gado, rigunan Yaya a ninke a gefenta, rediyo a cinya. Muka ji labarai. Muka ji ashirin da biyu. Sannan aka karanta shi, tun daga farko har ƙarshe, ba a tsallake ko harafi ba.

Inna ta ce, "Ke kika buga?"

Na ce eh.

Ta ce, "Babu wanda ya ja masa layi?"

Na ce babu.

Ta gyaɗa kai. Sai ta kira sunana, ta miƙo min rediyon ta ce in kashe.